Gasar futsal ta Sifaniya: daga ina ta faro, su wa suka ci kofinta

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, ya ce ya ci karo da bidiyon Barcelona suna buga ƙwallo 'yan biyar-biyar a cikin ɗaki kan wani shuɗin dandamali, shin atisaye ne ko gasa ce ta gaske, in kuma gasa ce tun yaushe ake yinta, kuma tsakanin Barça da Madrid wa ya fi ɗaukar kofin.

To ɗan'uwa gasa ce ta gaske, da 'yan wasa masu cin albashi da kwantiragi da komai, sunan wasan futsal, su 'yan Sifaniya suna ce masa fútbol sala, wato ƙwallon cikin zaure. Na daɗe ina bin gasar nan kuma da ita nake koyar da yaran da nake horarwa, shi ya sa zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri. Amma bari in fara cire maka abu ɗaya a rai: Real Madrid ba ta da ƙungiyar futsal sam. Don haka wannan musun da muka saba a gidan kallo ba ya aiki a nan. Sarkin gasar nan wata ƙungiya ce da ake kira Inter, ba ta Milan ba, ta gefen birnin Madrid, zuwa 2025 ta ci kofin lig sau 14, Barça na biye da 7, ElPozo Murcia 5.

Shi wasan ba a Sifaniya aka haife shi ba. A 1930 wani malamin motsa jiki mai suna Juan Carlos Ceriani a birnin Montevideo na Uruguay ya tsara shi don yara su samu abin bugawa a filin kwando, daga nan ya tsallaka Burazil inda ya zama abincin yau da gobe. Dokokin da ya kamata ka sani kafin ka fahimci sauran bayanin ba su da yawa. Mutum biyar kowane ɓangare har da gola, fili mita 40 tsawo 20 faɗi, raga mita 3 faɗi 2 tsayi, minti 20 sau biyu amma agogo na tsayawa duk lokacin da ƙwallo ta fita, shi ya sa wasan minti 40 kan ci fiye da awa ɗaya. Canji ba iyaka, ka fita ka dawo. Ƙwallon ta fi ta babban fili ƙanƙanta kuma ba ta tsalle sosai. Sannan ana tara laifi, ƙungiya in ta yi keta biyar a rabin wasa to daga ta shida bugu ne daga mita 10 ba katanga, kai da gola kawai.

A shekarun 1980 wasan ya riga ya karɓu a Sifaniya amma gidan a rabe yake, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa na cewa nata ne, wata hukuma ta daban ta masu futsal zalla na cewa a'a nata ne, kowa na shirya gasarsa, sai ka ga zakara biyu a ƙasa ɗaya. Irin rigimar da ake yi kenan a matakin duniya tsakanin FIFA da FIFUSA, hukumar futsal ta duniya ta wancan lokacin. A 1989 ne ƙungiyoyin suka haɗe suka kafa LNFS, wato hukumar lig ɗin futsal ta ƙasa, aka buga kakar farko 1989/90 da sunan División de Honor, sunan da aka ci gaba da amfani da shi har 2011 da aka mayar da shi Primera División. A wannan shekarar ta 1989 ɗin ce kuma FIFA ta shirya kofin duniyarta na farko a Holan.

Tsarin yanzu ƙungiya 16 ne, gida da waje, wasa 30. Sai dai nan ne mutanenmu ke ruɗewa, wanda ya ƙare a saman tebur ba shi ne zakara ba. Takwas na sama ne ke shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, kuma a yawancin shekaru wasan ƙarshe ba guda ɗaya ba ne, jeri ne na wasa biyar wanda ya riga cin uku ya ɗauka. Ni kam tsarin nan ya kwanta min, don a ƙaramin fili ƙwallo ɗaya da ta bugi ƙafar wani ta shige raga na iya kashe wahalar shekara guda, amma in ka doke mutum sau uku ba wanda zai ce sa'a ce.

Abin da nake so ka riƙe game da tarihin gasar nan shi ne, ka duba sunayen ƙungiyoyin za ka ga sunan kamfani ne a gaba sannan sunan gari. Caja Segovia, banki ne. ElPozo, kamfanin sarrafa nama ne. Movistar, kamfanin waya. Interviú, mujalla ce. Kuɗin tikiti da na talabijin ba sa riƙe kulob a futsal, mai ɗaukar nauyi ne ke riƙe shi, ranar da ya janye hannu kulob ɗin da ya ci Turai jiya sai ka neme shi ka rasa. In ka gane wannan ka gane dalilin da ya sa kofin ya yi ta yawo da farko, sannan ya zo ya maƙale a hannun mutum uku.

Ita Inter wani shahararren ɗan jaridar wasanni na rediyo José María García ne ya kafa ta a 1977, kuma ta sha canza suna gwargwadon wanda ke biyan kuɗi, Interviú Lloyd's, Boomerang Interviú, Interviú Fadesa, Inter Movistar, duk ita ce. Ita ta ci kofi biyu na farko, 1990 da 1991. Daga nan sai kofin ya shiga zagaye. 1992 Caja Toledo, 1993 Marsanz ta Torrejón, 1994 Maspalomas daga tsibiran Kanari can cikin teku daura da Maroko, 1995 Pinturas Lepanto ta Zaragoza, 1996 Inter ta dawo, 1997 Talavera, 1998 ElPozo ta ɗanɗana a karon farko lokacin ɗan Burazil ɗin nan Paulo Roberto da suke wa laƙabi da Maravilla, 1999 Caja Segovia. Sai Playas de Castellón ta ci biyu a jere, 2000 da 2001.

Wannan zamanin shi na fi so a tarihin gasar wallahi, don garuruwan da ba a jin sunansu a La Liga su ne sarakai. Segovia gari ne da mutanensa ba su wuce dubu hamsin da 'yan kai ba, amma zaurensu kan cika maƙil, kuma a can ne Luis Amado ya yi suna, golan da mutane da yawa ke ɗauka ba a yi kamarsa ba a wasan. Castellón kuma da UEFA ta fara shirya kofin Turai na futsal su suka ci biyun farko, 2002 da 2003. Yau ka duba teburin rukunin farko ba za ka ga waccan Caja Segovia ba, ta rushe a 2013 bayan matsalar tattalin arzikin da ta faro a 2008 ta ci bankuna da kamfanonin gine-gine na ƙasar, ita ma Playas ta gangara ƙasa. Abin na min ciwo har yanzu, kulob ya kai gari inda bai taɓa zuwa ba sannan a wayi gari ba kuɗin biyan albashi.

Kuma kada ka raba wannan da abin da ƙungiyar ƙasa ta yi. Burazil ta ci kofin duniya uku na farko, 1989, 1992 da 1996, na ukun ma a Barcelona ta doke Sifaniya a gabansu. Shekara huɗu bayan nan a Guatemala Sifaniya ta rama, ta ci Burazil 4 da 3 a wasan ƙarshe na 2000, ta sake ɗauka a 2004 bayan doke Italiya 2 da 1, duka ƙarƙashin koci Javier Lozano wanda daga baya ya shugabanci LNFS ɗin kanta. 'Yan wasan nan duk gasar gida ce ta ƙera su, kuma abin da ya taimaka musu shi ne kowane mako da 'yan Burazil suke gogawa, don manyan 'yan Burazil da yawa a Sifaniya suke neman abinci. Ɗan Burazil ya kawo gwaninta ta ƙafa, ɗan Sifaniya ya kawo tsari da tsaron gida, haɗuwarsu ce ta ɗaga gasar.

Daga 2002 zuwa 2023 kuwa, kaka 22 cur, ƙungiya uku kacal ne suka taɓa kofin. Inter 11, Barça 7, ElPozo 4.

Inter ta fara da huɗu a jere, 2002 zuwa 2005, zamanin koci Jesús Candelas da su Luis Amado, Schumacher, Marquinho da Daniel. Sai ElPozo ta karɓa a hannun koci Duda, ɗan Burazil, da kyaftin ɗinta Kike Boned, suka ci 2006, 2007, 2009 da 2010, Inter ta kutsa tsakani a 2008. A shekarun nan in ana maganar babban wasa a futsal ɗin Sifaniya to Inter da ElPozo ake nufi, ba wani. Abu ɗaya da ya gagari ElPozo shi ne kofin Turai, sun je wasan ƙarshe a 2008 wata ƙungiyar Rasha ta doke su a fenariti, sun sake zuwa a 2020 Barça ta doke su.

Barça naka kuma, ya kamata ka sani ba da wuri suka shigo sahun manya ba, sun daɗe da sashen futsal amma har rukuni na biyu sun yi zama. Da kulob ɗin ya yanke shawarar zuba kuɗi da gaske sai koci Marc Carmona ya haɗa tawaga, su Javi Rodríguez, Wilde, Fernandao, Torras, gola Paco Sedano, daga baya Sergio Lozano, suka ci lig na farko a 2011 suka ƙara 2012 da 2013, da kofin Turai 2012 da 2014. Bambancinsu da sauran shi ne ba su dogara da kamfani ɗaya ba, uwar ƙungiya ce ke bayansu, kuma a Palau Blaugrana suke wasa inda 'yan kwando da 'yan ƙwallon hannu na kulob ɗin ke yi. Wannan gata ne babba a gasar da kowa ke kwana da fargabar mai ɗaukar nauyi.

Sai zamanin da na tabbata ko ba ka san futsal ba ka taɓa ganin ɗan guntun bidiyonsa a Facebook, zamanin Ricardinho. Ɗan Fotugal ne, gajere, ɗan bahago, ya zo Inter a 2013 ƙarƙashin koci Jesús Velasco, suka ci lig biyar a jere daga 2014 zuwa 2018, abin da ba wanda ya taɓa yi, da kofin Turai 2017 da 2018 wanda ya kai Inter biyar a Turai. Sau shida ana zaɓensa gwarzon ɗan wasan duniya. Mutane na kallon yankan da yake yi da ɗaga ƙwallo ta saman kan mutum, amma in ka zauna ka kalli cikakken wasa abin da zai ba ka mamaki daban ne. Ka kalli ƙafarsa lokacin da fasin ke zuwa, ba da cikin ƙafa yake tarewa ba, tafin takalmi yake ɗorawa a kai, ƙwallon ta mutu nan take, kuma kafin ta iso ya riga ya waiga ya ga inda kowa yake. Da wannan taku ɗaya zai ja ta baya ko ya mirgina ta gefe, mai tsaro ya kawo ƙafa ya tarar ba komai. Yarana na kan sa su yi minti goma sha biyar ba abin da suke yi sai tare ƙwallo da tafin ƙafa, dama da hagu, da farko suna ƙorafi, bayan wata biyu sai ka ga yaro a cikin matsi mutum biyu sun rufe shi amma hankalinsa kwance.

Tunda na shiga maganar yadda ake buga shi bari in ƙara ɗaya, don shi ke yanke wasannin ƙarshe da yawa. In ana cin ƙungiya saura minti uku ko huɗu, koci zai cire gola ya sa ɗan wasan fili ya saka rigar gola, su koma biyar a kan huɗu a gidan abokan karawa, raga a buɗe ba kowa. Su na kiransa portero-jugador. Za ka ga huɗun sun dunƙule a bakin ragarsu, biyar ɗin na zagaya ƙwallo gefe zuwa gefe, zaure ya ɗauki ihu, agogo na sauka daƙiƙa-daƙiƙa. Fasin ɗaya ya kuskure, golan can ya cafke ya dube ta ya harba daga gidansa zuwa raga mara kowa, shikenan an ƙara muku. Masu horarwa na Sifaniya sun mayar da wannan ilimi guda, ana atisayensa kamar yadda ake atisayen kwana.

Bayan biyar ɗin Inter, Barça ta karɓe a 2019. Ta 2020 kuma ta zo da korona, aka dakatar da gasar aka ƙarasa ta a gurguje a birnin Malaga ba 'yan kallo, wasan ƙarshe Inter da Valdepeñas, ƙaramin gari, aka tashi 3 da 3 aka ba Inter kofi saboda ita ce a sama a tebur. Doka ce an amince da ita tun kafin a fara, amma na tausaya wa Valdepeñas ƙwarai, ba a doke su ba kuma ba su ɗauka ba. Wajen wannan lokacin ne kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta karɓe shirya gasar daga hannun LNFS bayan doguwar taƙaddama, kaga tsohuwar rigimar wa ke da futsal ba ta mutu ba. Daga nan Barça ta ci uku a jere, 2021, 2022, 2023, lokacin Ferrao, ƙaton ɗan gaban Burazil da ke juya wa raga baya ya danne mai tsaro da jiki ya juyo ya harba, shi ma sau uku ya zama gwarzon duniya. Shi Velasco da ya gina Inter ya koma Barça a 2021 ya ci musu kofuna, daga baya aka ba shi ƙungiyar ƙasa.

Wanda ya fasa wannan ƙawanya ta mutum uku shi ne Jimbee Cartagena a 2024, kuma labarin na da daɗi. Cartagena da Murcia jiha ɗaya suke, tafiyar kilomita hamsin ce tsakaninsu, maƙwabta ne masu hamayya. A 2006 Cartagena, lokacin ana kiranta Polaris World da kuɗin kamfanin gine-gine, ta kai wasan ƙarshe ElPozo ta Duda ta hana ta kofi. Kuɗin ginin ya ƙafe, kulob ɗin ya sha wuya shekaru. Shekara 18 bayan nan suka sake haɗuwa da ElPozo a wasan ƙarshe, wannan karon Duda ɗin nan yana bencin Cartagena, ya doke tsohon gidansa ya ba garin kofin lig na farko a tarihinsa. A 2025 suka sake ɗauka a hannun Barça, don kada wani ya ce tsautsayi ne.

Akwai kuma abin da ke ɗaure wa mutane kai, Palma Futsal ta tsibirin Mallorca. Ta ci kofin zakarun Turai sau uku a jere, 2023, 2024, 2025, a ƙarƙashin koci Antonio Vadillo, na 2024 ma ita ta lallasa Barça a wasan ƙarshe, alhali a duk wannan lokacin ba ta taɓa cin lig ɗin gida ba, sun kai wasan ƙarshe a 2022 Barça ta doke su. Duk mai tambayata me ya sa nake cewa gasar Sifaniya na cikin mafi zafi a duniya wannan nake nuna masa, zakaran Turai sau uku ya dawo gida ya kasa. Burazil na da tata gasar tun 1996 mai tarin gwanaye, Fotugal na da Sporting da Benfica, amma a Sifaniya ta takwas a tebur na iya fitar da ta ɗaya kuma ba wanda zai yi mamaki. Ka dubi Jaén, ba ta taɓa cin lig ɗin nan ba amma ta ɗauki Copa de España, wani kofin gida da ke daban da lig, a 2015, 2018 da 2023.

Mu a Afirka, Najeriya ta taɓa zuwa kofin duniya na futsal a 1992 a Hong Kong, daga nan muka yi sake da shi. Masar ta riƙe nahiyar da farko, daga baya Maroko ta karɓa, ta ci kofin Afirka 2016, 2020 da 2024 kuma ta kai kwata fainal a kofin duniya. Abin na damuna don yaranmu a lungu da saƙo ai ƙwallon 'yan biyar-biyar suke bugawa tun suna ƙanana, a ƙaramin wuri, da duwatsu a matsayin raga, ƙafar tana nan, dandamali mai kyau da gasa mai tsari ne babu.

In za ka fara kallo, shawarata kada ka fara da guntayen bidiyon gwaninta. Nemi cikakken wasa ɗaya na jerin wasan ƙarshe tsakanin Inter da Barça a 2017 ko 2018, ka zaɓi ɗan wasa ɗaya ka bi shi da ido na minti biyar ko ƙwallo ba ta wurinsa, ka ƙirga sau nawa ya ba da fasin ya ruga ya bar wa wani gurbinsa. Sannan ka jira minti huɗu na ƙarshe ka ga wanda zai fara cire gola. Kakar kan fara ne wajen Satumba ko Oktoba, zagayen fitar da zakara kuma Mayu zuwa Yuni, lokacin da La Liga ta tafi hutu.